Dokar Kulle ta 2020 a Kano: Yadda Aka Rayu a Cikin Gidaje

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda lafiya da cuta suke hannunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan aka tashi rubuta tarihin annoba, galibi akan ƙirga waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu, a jero umarnin hukuma da ranakun da aka bayar da shi, daga nan a ajiye alƙalami. Abin da ya wakana a tsakar gida ba kasafai yake shiga takarda ba, alhali kuwa a can ne akasarin jama'a suka ɗanɗani annobar. Don haka na ga ya dace mu waiwayi zaman da iyalai suka yi a birnin Kano daga daren 16 ga Afrilu zuwa 2 ga Yuli na 2020, wato mako 11 cur, lokacin dokar kulle ta cutar korona. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, gidan Bahaushe, duk da an san shi da katanga da zaure da kulle, rayuwarsa a rataye take da masu shiga da fita. Ranar da aka tsayar da waɗannan ƙafafu, sai aka ga ainihin abin da yake riƙe da gida.

Yadda dokar ta zo

An fara jin labarin cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Gwamnonin arewa maso yamma suka rufe makarantu daga 23 ga Maris, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga wannan wata.

A Kano, an sanar da mutum na farko ranar 11 ga Afrilu. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar zaman gida ta mako ɗaya daga ƙarfe goma na daren Alhamis 16 ga Afrilu, aka rufe kasuwanni da masallatai, aka hana ababen hawa zirga-zirga. Azumi ya kama ranar Juma'a 24 ga Afrilu. Kwana uku bayan haka, a jawabinsa na 27 ga Afrilu, Shugaban Ƙasa ya sa wa Kano kulle na mako biyu, aka kuma sake tsawaita shi a watan Mayu. Ke nan azumin shekarar 1441 bayan hijira tun daga farkonsa har ƙarshensa a cikin dokar aka yi shi, ga shi kuma ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano yake kai maƙura.

Kanawa sun san dokar hana fita tun kafin wannan. An sa ta bayan rikicin zaɓen 2011, an kuma sa ta bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012. To amma waɗancan na 'yan kwanaki ne, kuma abin da ake gudu ana jin ƙararsa. Annoba ma ba baƙuwa ba ce. Murar 1918 ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi layin dogo da koguna ta ratsa ƙasa, masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 daga cikin miliyan 18. Sanƙarau na 1996 kuwa da yawa daga cikin iyayen yau sun shaida shi da idonsu. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne a ce mai lafiya da marar lafiya kowa ya zauna a gida, kasuwa a rufe, masallaci a rufe, har tsawon makonni.

Kalmar kulle da abin da ta ɓoye

Yana da kyau mu ɗan tsaya a kan sunan da jama'a suka raɗa wa dokar. Kafin 2020, idan aka ce kulle a Hausa, zaman matar aure a gidan mijinta ake nufi. Da annoba ta zo sai aka ari kalmar aka yafa wa gari baki ɗaya, har raha ta yawaita cewa yau maza ma sun shiga kulle, su ji abin da mata suke ji.

Rahar tana da daɗi, sai dai kullen biyu sun sha bamban. Matar da take kulle ba a yanke take da duniya ba. Maigida yana fita ya yo cefane. Yara suna kai aike, suna kai niƙa, suna ɗaukar tallar ƙosai da alala da dafaffiyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, su dawo da ciniki. Dillaliya tana shigowa da atamfa da kwanuka, mai kitso tana zuwa, mai karɓar adashi tana zagayawa, almajiri yana ɗebo ruwa ya yi wanke-wanke a ba shi abinci. Masu bincike irin su Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, da Enid Schildkrout, wadda ta yi aiki a cikin birnin Kano a shekarun 1970, sun nuna cewa akwai babbar kasuwa da take ci a bayan katangu, mata ne masu ita, yara kuma su ne ƙafafunta. Dokar 2020 waɗannan ƙafafu ta ɗaure. Saboda haka matar da ko a da ba ta fita, ita ma dokar ta taɓa ta ƙwarai, domin jarinta ya tsaya cik a daidai lokacin da samun mijinta ya tsaya.

Tukunya da tulu

Mafi yawan magidantan Kano ba masu albashi ba ne. Ɗan A Daidaita Sahu, da ɗan dako a Singa ko Dawanau, da yaron shago a Kantin Kwari, da mai shayi, da mai wankin hula, da birkila, duk sai sun fita suke samun abin da za a ɗora a ranar. Irin wannan gida ba ya ajiye buhu. Kullum ake auno gero ko shinkafa, a sayo mai na cokali da kayan miya na yini guda. Da aka ba da sanarwar kwana biyu kafin dokar ta fara aiki, mai hali ya cika sito, marar hali kuwa ya sayi abin da kuɗinsa ya kai, cikin kwana uku ko huɗu ya ƙare.

Daga nan sai gidaje suka shiga dabaru irin na mai hannu baka hannu ƙwarya. Aka rage sanwa daga uku zuwa biyu, wani wurin zuwa ɗaya. Aka koma ga mai kanti na cikin lungu, wanda yake buɗe rabin ƙofa ya ba da bashi ga wanda ya sani. Mata da yawa suka karya jarin sana'arsu aka ci, wasu suka sayar da akuya ko ɗan kunne ko kwanukan jere. Wannan ɓangare na tarihin ya cancanci a rubuta shi da kyau, domin a bisa shari'a da al'ada ciyarwa nauyin miji ce, dukiyar mace kuwa tata ce. Abin da suka fitar a waɗannan makonni kyautatawa ce, ba wajibi ba, kuma da ita gidaje masu yawa suka kai ga Salla.

Ruwa ma ya zama abin lissafi. Unguwanni da dama ba su dogara da famfo ba, 'yan ga-ruwa ne suke turo kura cike da jarkoki daga rijiyoyin burtsatse. Ana ta shelar a yawaita wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudana, alhali a wasu gidaje jarkar da aka samu ita ce ta sha da girki da alwala. Haka nan shawarar ba da tazara. A gidan haya mai ɗaki goma, inda iyali goma suke tarayya a tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya, ga zafi ga rashin wutar lantarki, babu inda tazara za ta fito. Shi ya sa da yamma ta yi sai maza su fito bakin ƙofa su shimfiɗa tabarma, samari kuma su mai da titunan da suka yi fayau filin ƙwallo. An kafa kotunan tafi-da-gidanka don hukunta masu karya doka, amma ƙarfinsu a manyan tituna ya tsaya, lungunan cikin gari kuwa sai abin da mutane suka ga dama.

A farkon watan Mayu gwamnatin jiha ta sassauta, ta ware Litinin da Alhamis daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma don a fita a sayi abinci, aka bar kasuwar 'Yankaba da ta 'Yan Lemo su buɗe. Waɗannan ranaku suka zama ma'aunin mako a kowane gida. Cefanen kwana uku, da cirar kuɗi a banki, da sayen magani, da leƙa tsofaffi, duk a cikin sa'o'i shida. Sakamakon haka cunkoson da aka rufe gari dominsa sai ya riƙa haɗuwa a yini guda.

Gida ya zama masallaci

Babu abin da ya girgiza zukata kamar rufe masallatai. Tun kafin dokar ta iso Kano, Saudiyya ta dakatar da Umara a ƙarshen Fabrairu, hotunan filin ɗawafi babu kowa suka zagaya wayoyin jama'a. Duk da haka mutane da yawa ba su gamsu ba, har aka kama wasu limamai da suka yi Juma'a a makon farko. Wasu ma cewa suke yi babu cutar ɗungurungum. Wannan shakku yana da tushe a tarihi, domin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, da taƙaddamar allurar shan inna ta 2003, sun bar tabo a tsakanin talakawa da duk wani abu da ya zo da sunan lafiya daga waje.

Malaman da suka goyi bayan zaman gida sun kafa hujja da abin da aka sani a sunna, na hana shiga garin da annoba ta sauka da hana fita daga cikinsa, da kuma rangwamen yin salla a gida saboda ruwan sama ko tsananin sanyi. Sun tunatar da annobar Amwas da ta auka wa ƙasar Sham wajen shekara ta 18 bayan hijira, yadda Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya daga Sarg bai shiga ba, yadda ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya ƙara musu yarda, da yadda Amru ɗan Asi ya umarci jama'a su warwatsu a kan duwatsu har ta lafa.

A cikin gidaje kuwa, abin ya zo da wani sabon tsari. Ranar Juma'a aka koma yin azahar raka'a huɗu. Maigida ya zama liman, 'ya'ya maza a bayansa, uwargida da 'yan mata a sahun ƙarshe. Asham, wadda a mazhabar Malikiyya dama an so a yi ta a gida matuƙar ba za a ƙaurace wa masallatai ba, ta dawo tsakar gida. A nan magidanta da yawa suka gane iyakar haddarsu, aka ga gidajen da ɗan Islamiyya mai shekara goma sha biyar ya wuce gaba mahaifinsa yana binsa, aka ga inda uwargida ce take gyara wa kowa karatu bayan an sallame. Tafsiri, wanda a da maza suke tafiya masallaci su bar mata da aikin buɗa-baki, ya koma rediyo da talabijin da Facebook, sai ga shi miji da mata da yara suna sauraron malami ɗaya a lokaci ɗaya. I'itikafi da tahajjudin jam'i na goman ƙarshe kuwa ba a yi su yadda aka saba ba.

Abin da azumin ya rasa shi ne hannun da yake miƙawa waje. Buɗa-bakin masallaci, da kunu da ƙosan da ake rabawa a ƙofar gidajen masu hali, su ne abincin dubban mutane a kowace shekara. Da aka rufe, sai ciyayya tsakanin maƙwabta ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, kwano yana tsallaka katanga ko yaro ya ruga da shi kafin a kira salla.

Yara da almajirai

Makarantun boko da na Islamiyya sun kasance a rufe tun daga Maris, ba a koma gaba ɗaya ba sai a watan Oktoba, in ban da 'yan ajin ƙarshe da suka koma a watan Agusta don jarrabawa. An gabatar da darussa ta rediyo da talabijin, makarantun kuɗi kuma suka riƙa tura aiki ta WhatsApp. Amfanin wannan ya tsaya ga gidan da yake da wuta da babbar waya da kuɗin data da kuma wanda zai zauna da yaro. A sauran gidaje, abin da yaro ya samu shi ne abin da iyayensa suke da shi a ka. Inda aka dace an yi tilawa da tatsuniya da koyon girki da ɗinki. Inda ba a dace ba yara sun yi wata shida suna gararamba a lungu.

Almajirai kuwa nasu ya fi na kowa tsanani. Yaron da abincinsa yake a ƙofar gidajen mutane, an ce kowa ya rufe ƙofa. A watan Afrilu gwamnonin arewa suka amince a mai da almajirai jihohinsu na asali, aka riƙa kwasarsu a motoci daga Kano zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna da sauran wurare, wasu jihohin ma suka maido wa Kano nata. An samu masu ɗauke da cutar a cikinsu, aka killace su kafin a sada su da iyayensu. Ta haka gidaje biyu suka ji a jika. Gidan birni ya rasa mai ɗebo ruwa da kai niƙa, gidan ƙauye kuma ya karɓi ƙarin baki a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, damina ba ta kankama ba.

Jinya da makoki

A tsakiyar watan Afrilu masu haƙar kabari suka fara ba da labarin cewa gawarwakin da ake kawowa sun ninka abin da suka saba gani. Yawancin mamatan dattawa ne. A cikin 'yan kwanaki Kano ta rasa malaman jami'a da alƙalai da 'yan jarida da 'yan kasuwa, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Ayagi, sannan Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila ya rasu a farkon watan Mayu. A daidai wannan lokaci aka dakatar da aikin ɗakin gwajin cutar da ke Asibitin Malam Aminu Kano na wasu kwanaki, asibitoci masu zaman kansu da dama kuma suka rufe ko suka rage karɓar marasa lafiya saboda tsoro da rashin kayan kariya. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata ya ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna iya kasancewa da alaƙa da korona.

Ma'anar wannan a cikin gida ita ce jinya ta koma hannun iyali. Mai hawan jini da mai ciwon suga da mai naƙuda, duk sai abin da mata da 'ya'ya da mai kemis na unguwa suka iya. Aka koma ga sirace da citta da tafarnuwa da lemon tsami da habbatus sauda. Idan rai ya yi halinsa, zaman makoki na kwana uku da aka saba, inda dangi suke cika gida su ɗauke wa masu rashi girki da kewa, ya taƙaita ƙwarai. Ta'aziyya ta koma waya. Mata da yawa sun shiga takaba ba tare da 'yan uwansu sun samu zuwa daga wasu garuruwa ba, domin an rufe iyakokin jihohi har zuwa farkon watan Yuli.

Zo mu zauna

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Magidancin da ya saba fita da asuba ya dawo bayan isha, ya wayi gari yana yini a ɗaki, babu kuɗi a aljihu, yara suna kuka, zafi yana dukan kwano. A wasu gidaje wannan ya haifar da faɗa da duka da saki. Ƙorafin cin zarafin mata da yara ya ƙaru a faɗin ƙasa, har a watan Yuni na 2020 Ƙungiyar Gwamnonin Nijeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafi. A wasu gidajen kuma zaman ya zama alheri. Uba ya ga adadin aikin da ake yi tsakanin sahur da buɗa-baki, ya san wane ɗa ne ba ya iya karatu, wace 'ya ce take da ƙwaƙwalwar lissafi. Aurarrakin da aka ɗaura a lokacin, da mutum kaɗan, ba kamu ba dina, sun nuna cewa aure yana ƙulluwa ba tare da bashin biki ba.

An yi Ƙaramar Salla ranar Lahadi 24 ga Mayu. Gwamnatin Kano ta ba da izinin Juma'a da Idi, duk da cewa wasu malamai da likitoci sun nuna rashin amincewa. Ba a yi hawan Salla ba, ga shi kuwa ita ce Sallar farko ta Sarki Aminu Ado Bayero, wanda aka naɗa a watan Maris. Yara da yawa sun yi Salla da tsofaffin kaya, teloli kuma suka rasa kakarsu ta shekara. Ranar 2 ga Yuli aka ɗage dokar. Allurar rigakafi ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa a watan Mayu na 2023.

Kammalawa

Ya ɗan uwa mai karatu, darasin da nake gani a wannan tarihi a fili yake. Hukuma ta rufe gari bisa zaton cewa kowane gida yana da abinci da ruwa da sarari, alhali gidan talaka da fitar yau yake cin na yau. Tallafin da aka yi alkawari bai kai ga mafi yawan mabuƙata ba. Abin da ya cike giɓin shi ne ɗan jarin mata, da bashin mai kanti, da kwanon maƙwabci, da ɗan abin da dangi suka turo ta waya. Duk wanda zai sake tsara irin wannan doka, wajibi ne ya fara da tambayar yadda tukunya za ta hau wuta a gidan ɗan dako.

Mu kuma a namu ɓangaren, akwai tambayoyin da ya kamata kowane magidanci ya yi wa kansa tun ana zaune lafiya. Shin akwai abincin mako guda a ajiye, ko da gero ne da wake? Shin an mayar wa uwargida jarin da ta karya, ko kuwa an bar shi a kan an gode? Shin idan aka sake rufe masallaci da makaranta, akwai mai iya jan salla da biya wa yara karatu a cikin gidan? Shin mun san maƙwabcin da zai kwana da yunwa bai faɗa ba?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan annoba, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya saka wa ma'aikatan lafiya da masu haƙar kabari da duk wanda ya ciyar da wani da alheri. Allah Ya kare mu daga annoba da yunwa, Ya zaunar da gidajenmu lafiya.